Kuɗin shigar gidajen zango: alƙaluman gwamnati, ƙiyasin masana, ko mu auna da kanmu?

Duk wanda ya taɓa zama rubuta wa ƙungiyar unguwa takardar neman tallafi a zangunan Kumasi ta ƙasar Ghana ya san inda alƙalami ke cijewa. Da an iso layin da ake tambayar nawa gida ɗaya ke samu a wata, da kuma ko samun ya ƙaru ko ya ragu a 'yan shekarun nan, sai kowa ya dubi na kusa da shi. Mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba sun fi kowa sanin halin da suke ciki, amma majalisar gunduma, da Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, da ƙungiyoyin agaji na waje, duk adadi suke nema a rubuce. Abin da yakan faru, wani ya faɗi lambar da ta zo masa a baki a rubuta, baɗi wani ya faɗi wata, shi ke nan a ce samu ya hau ko ya sauka. Abin yana damuna ƙwarai, domin da irin waɗannan lambobi ake yanke inda za a haƙa rijiyar burtsatse da yaran da za a biya wa kuɗin makaranta.

Ƙungiyar da ke son amsa ta gaskiya tana iya dogara da binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ghana, ko ta nemi ƙiyasin da masana ke yi wa ƙananan yankuna, ko ta fita ta auna da kanta. Kafin a gwada su, sai an daidaita kan abin da ake aunawa.

A ce akwai gidaje 10 a layi ɗaya. Tara daga cikinsu kowanne na samun sidi 2,000 a wata, na goman kuma na wani Alhaji ne mai manyan motocin dakon kaya, yana samun 82,000. In aka tara duka aka raba daidai, kowane gida ya tashi da sidi 10,000, lambar da ba ta yi kama da rayuwar ko gida ɗaya a layin ba. In kuwa aka jera gidajen daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa aka duba tsakiyar jerin, sidi 2,000 za a gani. Wannan samun gidan tsakiya shi ne ya dace da zango, inda attajiri da mai turin baro ke sallah a sahu ɗaya kuma suke kwana a layi ɗaya. Gida kuma a nan ba gini ake nufi ba. Hukumar Ƙididdiga na lissafa waɗanda ke zaune tare suna cin tukunya ɗaya a matsayin gida guda, don haka babban gidan haya mai ɗakuna 15 yana iya ƙunsar gidaje 10 ko fiye.

Binciken gwamnati shi ne mafi arha, don an riga an yi shi, kuma ta fuskar inganci babu ƙungiyar unguwar da za ta kamo shi. Binciken yanayin rayuwa da ake kira GLSS an fara shi a 1987, an maimaita a 1988/89, 1991/92, 1998/99, 2005/06, 2012/13 da 2016/17. A zagaye na 7 an zaɓi gidaje 15,000 a faɗin ƙasa, ma'aikata suka yi wata 12 suna aiki domin a kama damina da rani, kuma kowane gida an koma masa sau da dama ana rubuta abin da ya saya da abin da ya ci. Daga nan ne aka san cewa talauci a ƙasa ya tashi daga kashi 24.2 cikin 100 a 2012/13 zuwa kashi 23.4 a 2016/17, kuma a yankin Ashanti, inda Kumasi take, ya kasance kashi 11.6, a Babban Accra kashi 2.5.

Matsalar ita ce an tsara binciken ne don ya yi magana a kan yanki gaba ɗaya. A lokacin gundumomi 216 ne a Ghana. Raba gidaje 15,000 a kansu, kowace ta sami kimanin 70, wata sama da haka, wata ƙasa. Cikin na Asokore Mampong, gundumar da Aboabo ke ciki, nawa ne za su faɗo a Aboabo? Wataƙila 15, wataƙila babu ko ɗaya. Lambar Ashanti kuma ta haɗa manomin koko na Offinso da makanikin Suame Magazine da ma'aikacin banki na Ahodwo da mai sayar da koko da ƙosai a bakin masallaci. Wanda ya ɗauki wannan lambar ya liƙa wa zango bai yi ƙarya da gangan ba, amma bai faɗi halin zango ba. Sannan daga 1991/92 zuwa 2016/17, tsakanin zagaye da zagaye akwai shekara 4 zuwa 7. A 2022 hukumar ta fara wani bincike, AHIES, da ya riƙa bin gidaje 10,800 duk bayan wata 3, wanda ya rage wannan jira sosai, sai dai shi ma ƙarfinsa a matakin ƙasa da yanki yake.

Akwai darasi guda da alƙaluman GLSS ke koyarwa wanda ya shafi kowace hanya. Raba-daidai na samun gida a shekara ya kai kusan sidi 16,600 a 2012/13, ya koma kusan 33,900 a 2016/17. Ninki biyu ke nan a takarda, alhali talauci bai sauka da ko kashi 1 cikakke ba. Tsadar kaya ce ta cinye mafi yawan ƙarin, domin daga 2014 zuwa 2016 tashin farashi yakan haura kashi 15 cikin 100 a shekara. A Disamban 2022 ya kai kashi 54.1. Gidan da samunsa ya ƙaru da kashi 30 a waccan shekarar, abin da kuɗinsa ke iya saya ya ragu da kimanin kashi 16. Saboda haka duk lambar da za a gwada da ta wata shekara sai an mayar da su biyun farashin shekara ɗaya, da ma'aunin farashin da hukumar ke fitarwa kowane wata, har da na kowane yanki. In kuma an tono tsofaffin takardu, a tuna cewa a Yulin 2007 an mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1.

Ƙiyasin ƙananan yankuna an ƙirƙiro shi ne daidai don wannan matsala ta ƙarancin gidaje, kuma inda ya fi zama da gindinsa shi ne Amurka. A can akwai gundumomi sama da 3,100. Hukumar ƙidayarsu na aika takardun tambayoyi zuwa adireshi kusan miliyan 3.5 kowace shekara, amma duk da haka ba ta fitar da alƙaluman shekara ɗaya sai ga wurin da mutanensa suka kai 65,000. Ƙananan wurare sai an haɗa musu bayanan shekara 5. Don a sami lambar kowace gunduma a kowace shekara, suna da wani shiri mai suna SAIPE da ke haɗa sakamakon binciken da bayanan haraji da na masu karɓar tallafin abinci da ƙidayar jama'a. Tushen dabarar aikin Robert Fay da Roger Herriot ne na 1979: inda gidajen da aka tambaya ke da yawa, a ba amsarsu nauyi; inda suka yi kaɗan, a jingina da abin da sauran bayanai ke nunawa game da wurare masu kama da shi. Abin da na fi yaba musu shi ne ba sa buga lamba ita kaɗai. Kowace tana tafe da iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama, a kan tabbacin kashi 90 cikin 100, kuma a ƙaramar gunduma tazarar kan yi faɗi har mai karatu ya gane da kansa cewa bai kamata ya dogara da 'yar hawa ko 'yar sauka ba. Da waɗannan alƙaluma ake raba wa makarantun yankunan talakawa kuɗin gwamnatin tarayya.

Ghana ma ta yi irin wannan. A 2015 Hukumar Ƙididdiga ta fitar da taswirar talauci ta gundumomi 216, ta hanyar haɗa ƙidayar 2010 da GLSS na 6. Ƙidaya ba ta tambayar kuɗin shiga, amma tana tambayar irin rufin ɗaki, ruwan sha, makewayi, ilimin maigida da sana'arsa. GLSS na tambayar waɗannan duka, ya ƙara da abin da gida ke kashewa. Sai a koyi alaƙar da ke tsakaninsu daga GLSS, a ɗora ta kan kowane gida da ke cikin ƙidaya. Ƙidayar 2021, wadda ta sami mutum miliyan 30.8, ta ba da damar sabunta irin wannan aiki ga gundumomi 261.

Ga mai son nuna cewa gundumarsa na baya idan aka gwada da maƙwabta, wannan hanya ta fi kowace, kuma jami'in gwamnati ba zai yi musu da lambar hukumarsu ba. Amma ga mai son bin canji shekara bayan shekara, ina ganin rauninta babba ne a wurinmu. Amurka na da takardar harajin yawancin gidaje duk shekara. A zango kuwa yawancin samu ta hannu yake wucewa, daga kasuwar Kejetia zuwa aljihu, daga aljihu zuwa tukunya. Abin da ya rage a jingina da shi shi ne ƙidaya, wadda ake yi kusan duk shekara 10. Rufin kwano da famfon tsakar gida ba sa canzawa don ciniki ya mutu bana. Ƙari a kan haka, iyakokin gundumomi sun yi ta motsi: an cire Asokore Mampong daga Kumasi a 2012, a 2018 aka cire Oforikrom, Kwadaso, Old Tafo, Asokwa da Suame. A Accra ma a 2018 ne Nima ta koma Ayawaso ta Gabas, Maamobi ta koma Ayawaso ta Arewa. Wanda ya gwada "Kumasi" ta 2010 da "Kumasi" ta 2021 ba tare da lura da wannan ba, wurare biyu daban ya gwada.

Saura mu auna da kanmu. Wannan ce hanyar da ta fi wahala, ita ce ta fi saurin lalacewa, kuma ita kaɗai ce za ta iya magana a kan Aboabo a matsayin Aboabo.

Farkon inda take lalacewa wajen zaɓen gidaje ne. Mai sayen masara da ya san aikinsa ba ya duba bakin buhu kawai, sai ya zura hannu har ciki, don ya san inda ake ɗora mai kyau. Matasan da aka tura da takarda za su fara da gidajen bakin titi, da na waɗanda suka sani, da inda aka tarbe su da fara'a. 'Yan kayaye, wato mata masu dako, da ke kwana su 8 a ɗaki ɗaya, da baƙon da ya zo daga Bawku ko Nijar watan jiya, ba za su shiga lissafi ba. Maganin abin shi ne a fara zagaya unguwa a rubuta kowane gini da yawan tukwanen da ke cikinsa, a ba kowace tukunya lamba, sannan a yi ƙuri'a a gaban jama'a. Gidan da ƙuri'a ta faɗa wa, ko ba a same su ba sau biyu, a koma na uku, kada a maye shi da maƙwabcinsa.

Gida nawa ya isa? Akwai lissafi mai sauƙi wanda ba ya buƙatar kwamfuta. In an tambayi gidaje 25 an jera amsoshinsu, abin da za a iya faɗa da tabbacin kusan kashi 95 shi ne samun gidan tsakiya na unguwar yana tsakanin amsa ta 8 da ta 18. Wannan tazara ta yi faɗin da ba ta da amfani. In gidaje 100 ne, tsakanin ta 40 da ta 61. In 400 ne, tsakanin ta 180 da ta 221. A lura, sai an ninka gidaje sau 4 kafin tazarar ta ragu da rabi, don haka daga 400 zuwa 800 wahalar ta fi ribar yawa. Wannan lissafi kuma yana aiki ne in an warwatsa zaɓen. In aka ɗebo gidaje 400 daga 'yan layuka 10 kawai, tun da maƙwabta kan yi kama da juna a samu, nauyinsu na iya komawa na gidaje ɗari da 'yan kai.

Na biyu, tambayar kanta. Yarinya ta shiga da takarda wurin mai sayar da waakye (shinkafa da wake) ta ce, "Hajiya, nawa kuke samu a wata?" Hajiya za ta gyara mayafi ta ce, "'Yata, alhamdu lillahi, ana rufa asiri." Ba ɓoyewa kawai take yi ba. Ita kanta ba ta taɓa ware uwar kuɗi da riba da abin da yara suka ci daga tukunyar sayarwa ba. Ga tsoron haraji, ga tsoron baki, ga kuma wanda zai rage lamba don yana zaton tallafi ke tafe. Amma in yarinyar ta zauna ta ce, "Hajiya, olonka (mudu) nawa na wake kuka dafa jiya, nawa kuka saya? Nawa kuke ba mai susu (mai karɓar ajiya) kullum? Kuɗin haya na shekara nawa kuka biya gaba? Yayanmu da ke Jamus ya turo wani abu ta MoMo (kuɗin waya) watan jiya?", amsa za ta fito daki-daki. Shi ya sa Hukumar Ƙididdiga ke auna talauci da abin da gida ke kashewa, ba da abin da ya ce yana samu ba. Shawarata a tambayi duka biyun, amma a fi riƙe na kashewa. A gidan da miji da mata kowa ke da jakarsa, a tambayi kowa shi kaɗai, mace ta tambayi mace.

Na uku, lokaci, kuma wannan namu ne musamman. Tela a goman ƙarshe na azumi ba ya barci, mai sayar da raguna kuma ribar shekararsa kusan duk a makon Layya take. Watannin Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara: azumin 2023 ya kama a ƙarshen Maris, na 2025 a farkon Maris. Ƙungiyar da ta tsayar da "kowane Afrilu" za ta auna wata shekara cikin hidimar Sallah, wata shekara bayan aljihu ya bushe, ta ɗauka samu ne ya faɗi. Gara a zaɓi lokacin da ya yi nisa da Sallah biyun da kuma buɗe makarantu, a rubuta ranakun a cikin rahoto.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga mai bin canji. A ce bara an sami sidi 2,400, da yiwuwar kuskuren 300 sama ko ƙasa, bana kuma 2,700 da kuskure iri ɗaya, bayan an daidaita farashi. Ido zai ce an ƙaru da 300. Amma in gidaje daban aka tambaya a shekarun biyu, kuskuren bambancin ya fi na kowace shekara: ana ninka kowanne da kansa, a haɗa, a ɗauki tushen jimlar, sai ya ba da kimanin 424. Ƙarin 300 yana cikin wannan tazara, don haka ba za a iya cewa an ƙaru ba, ba kuma za a iya cewa ba a ƙaru ba. Hanyar rage wannan kuskure ba tare da ƙara gidaje ba ita ce a koma wa gidajen bara su ɗin dai. Gidan da ke rage lamba bara zai rage bana, mai yawan iyali yana nan da yawansu, sai canjin gaskiya ya fi fitowa fili. Wahalarta 'yan haya ne: kuɗin gaba ya ƙare, maigida ya ƙara haya, iyali sun koma wata unguwa, kuma waɗanda suka tashi galibi su ne waɗanda abin ya fi matsa wa. In aka bar su suka fita daga lissafi shiru, unguwa za ta yi kamar tana arziki. Dole a rubuta gida nawa aka rasa da dalili, a kuma yi sabuwar ƙuri'a kowace shekara don shigo da sababbin zuwa.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Ƙungiyar da takarda ɗaya za ta rubuta, kuma abin da take so shi ne a san gundumarta na cikin masu buƙata, kada ta ɓata kuɗinta: ta ɗauki alƙaluman gunduma na Hukumar Ƙididdiga, ta faɗi shekararsu, ta faɗi cewa na gunduma ne ba na unguwa ba. Wadda ba za ta iya kai gidaje 100 da ƙuri'a ta gaskiya ba, ita ma ta tsaya a nan, domin ƙaramin bincike marar tsari ya fi rashin bincike cutarwa, tun da yana sa wa zato rigar ilimi. Amma ƙungiyar da ke da aikin shekaru a gabanta, kamar asusun jari ga mata ko koyar da sana'a, kuma za a tambaye ta ko aikin ya canza wani abu, ba ta da mafita sai ta auna da kanta: gidaje 300 zuwa 400, ƙuri'a a bainar jama'a, a koma wa gidajen su ɗin dai kowace shekara, sannan ta ajiye lambar Ashanti ta hukuma a gefe don a ga ko unguwar na tafiya tare da yankin ko tana bin wata hanya dabam.

Kuɗin aikin bai kai yadda ake tsoro ba. Manhajar KoboToolbox na aiki a wayar hannu ko babu intanet, kuma jami'ar KNUST da ke nan Kumasi na da sashen ƙididdiga inda ɗaliban shekarar ƙarshe ke neman irin wannan aiki. Abin da kuɗi ba ya saya shi ne amincewa. Sai an fara da Sarkin Zango da limamai da shugabannin mata, an sanar a masallaci cewa ba haraji ba ne kuma ba rabon tallafi ba ne. Sunaye a ajiye su daban da amsoshi a hannun mutum ɗaya amintacce, don kiyaye sirrin mutane bisa dokar kare bayanan jama'a ta 2012, kuma kada a tura matashi ya tambayi layin da yake zaune.

A cikin takardar kuma a rubuta abin yadda aka same shi: gida kaza muka tambaya a wata kaza, an zaɓe su da ƙuri'a, gidan tsakiya na kashe tsakanin sidi kaza da kaza a wata bisa farashin bana, gida kaza daga cikin na bara sun tashi. In tazarar bana da ta bara sun hau kan juna sosai, a rubuta cewa bana ba a ga canjin da za a iya tabbatarwa ba, a jira awo na uku.